Dakin ibadar Kali a titin Serangoon

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi Singafo ya daure ya leka unguwar Indiyawa, a titin Serangoon akwai wani dakin ibadar 'yan Hindu mai suna Sri Veeramakaliamman, wallahi na dade a gurin ina kallo. Tun 1881 aka gina shi, kuma ba attajirai suka fara ba, leburori ne 'yan Tamil daga kudancin Indiya masu aikin kona farar kasa, mutum ya baro garinsu ya tsallako teku ba uwa ba uba, to sai suka rike abar bautarsu Kali wadda a imaninsu ita ce mai tsare su daga sharri.

A kofa kowa ke cire takalmi, kararrawa jere a jikin kyauren suna kadawa in za su shiga, hayakin turare ko'ina. Wata tsohuwa na gani ta kawo furanni ta tsaya ta hade tafin hannu tana hawaye, ban san damuwarta ba amma ta ba ni tausayi sosai.

Lokacin yakin duniya na biyu da jiragen Japan ke ruwan bama-bamai, nan mutanen unguwar suka rika gudowa su fake, ginin kuma bai rushe ba, shi ya sa har yau ba sa wasa da gurin. Ni Musulmi ne, akidata daban, amma tsoron dan ci-rani a bakon gari na san shi, kuma wadannan bayin Allah da dan abin hannunsu suka tada ginin nan.