Malamin tsabta ya buɗe mini kula

Yamai, Talata da dare.

Kwana uku ina goge motar abincin nan saboda zuwan malamin tsabta. Har ƙarƙashin murhun gas na shiga da soso da ruwan jabel. Yau ƙarfe goma sha ɗaya ya iso inda nake tsayawa kusa da kasuwar Wadata, bai ko kalli gugar da na yi ba.

Takardar likita ya fara tambaya, tawa da ta yaron da ke taya ni. Tawa tana nan. Ta yaron babu, don ni a zatona mai girki kawai ake aunawa. Ya ce: "Hajiya, wa ke yanka burodi?" Na yi shiru. Taifot, in ji shi, mutum na iya ɗauke da ita yana yawo garau, yana zuba wa jama'a a kwano.

Sai ya buɗe kula. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Ƙanƙarar da na saya da asuba ta narke tun hantsi, salati da kwalbar mayonez suna iyo cikin ruwa mai ɗumi. Ya tsoma ma'aunin zafi, ya juyo mini da shi ban ma so gani ba. Ya ce abin sanyi ya zauna ƙasa da digiri 5, abin zafi sama da 60, dafaffen abinci kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. A Yamai, a watan Afrilu, da rana ke haura 40! Na so in ce masa ranka ya daɗe, kai ma ka san yadda wuta take a garin nan, amma na haɗiye. Ban manta kwalarar 2021 ba.

Dambun zogale da shinkafa da wake sun tsira, suna kan wuta. Abin da ya fi ba ni kunya, yana tsaye na karɓi jika ɗaya, wato sefa dubu, hannun wani ɗan kabu-kabu, na ba shi canji, na mai da hannun nan cikin albasa. Bai ce komai ba, alƙalami kawai ya motsa.

Bai ci ni tara ba, bai kuma sa hannu a takardar izinin sayar da abinci ba. Mako guda ya ba ni: takardar yaro, bokiti mai famfo da sabulu, kwandon shara mai murfi.

Salatin na zubar, kusan na jika biyu. Inna ta ce da na kawo gida an ci. Ban tanka mata ba. Gobe da sassafe zan kai yaron asibiti, daga can in biya ta kasuwar Katako in tambayi kuɗin kula mai kauri.