Yadda muka kwashe adashenmu zuwa Signal, da abin da ya ƙi tasowa daga WhatsApp

Ni nake riƙe da littafin adashen 'yan kasuwa arba'in, yawancinmu a Garwa, wasu a Marwa da Kuseri, kaɗan kuma a hayin Logon, cikin Injamena. A zaurenmu na WhatsApp ake tura hoton rasit, da lambar da za a zuba kuɗi, da sunan mai kwasa, har da ranar da wane zai taso da kuɗi a mota. Wannan na ƙarshen shi ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kawo shawarar mu koma Signal, wata manhajar aika saƙo irin WhatsApp.

Kafin komai sai da na fahimci abin da muke gudu, don kada in tsorata mutane da abin da babu. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙo daga waya zuwa waya, kuma da fasahar Signal ɗin ce ma yake kullewa. Kamfanin Meta, mai WhatsApp, ba ya karanta abin da ka rubuta. Abin da yake samu shi ne na gefe: lambarka, lambobin da ke cikin wayarka, irin wayar, lokacin da kake hawa, sunan zaure da hotonsa. Ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya san da wa kake hulɗa ya san rabin cinikinka. Signal kuwa gidauniya ce ke riƙe da shi, ba ya rayuwa da talla. Lokacin da wata kotu a Amurka ta nemi bayanan masu amfani da shi a 2016, abu biyu kawai ya iya miƙawa: ranar da aka buɗe asusu da ranar ƙarshe da aka hau. Manhajar Telegram kuwa tun farko na cire ta daga lissafi, saboda zaurukanta ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba. Hirar sirrinta ta mutum biyu ce kawai, ita ma sai ka kunna ta da hannunka.

Sauke manhaja ba wuya. Wuyar tana wajen mutane. Wani dattijonmu mai sayar da atamfa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na ji. To masu saye a wurina suna can ciki?" Na ce, "A'a, Alhaji, ba sa ciki." Ya ce, "To wa zan je in gaisar?" Gaskiyarsa. Sabuwar kasuwa ce mai rumfuna masu kyau da ƙofa mai kwaɗo, amma masu saye suna tsohuwa. Lissafin ma yana bayansa. Tsakanin mutum arba'in akwai hanyar magana ta mutum biyu-biyu guda 780. Idan goma suka koma, hanyoyi 45 kacal suka koma tare da su. Ko rabi ne suka tashi, 190 ne, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi ya sa wanda ya sauke shi kaɗai yakan leƙa ya tarar shiru, bayan ɗan lokaci ya goge don ya samu wurin ajiye hotuna. Haka aka gani a farkon 2021, lokacin da WhatsApp ya sauya ƙa'idojinsa, miliyoyi suka ruga Signal, amma WhatsApp bai girgiza ba.

Don haka ban roƙi kowa ya bar WhatsApp ba. Harka ɗaya muka ɗauka muka kwashe gaba ɗayanta. An yanke a taro cewa jerin zubi da sunan mai kwasa a Signal kaɗai za su riƙa fita. Tsohon zaure muka mayar da shi yadda shugabanni kawai ke iya rubutu, muka bar sanarwa ɗaya a ciki. Da an bar zaurukan biyu suna tafiya tare, tsohon ne zai ci, domin can yatsa ya saba zuwa. Aka fara da uwar adashe da manyan masu zubi, domin in suna ciki sauran ba sa jayayya.

Ranar taro muka yi aikin, kowa da wayarsa a hannu, aka kunna intanet daga waya ɗaya mai data da yawa. Kada a karɓi manhajar ta Xender daga wayar wani. Ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba, kuma kowace sigar Signal tana daina aiki bayan kwana 90 idan ba a sabunta ta ba, sai mutum ya ɗauka ta lalace. A ɗauko ta daga Play Store ko daga shafin Signal kansa. Wajen rajista a duba lambar ƙasa, 237 ta Kamaru, 235 ta Cadi. Idan lambobi shida na tabbatarwa ba su iso ta saƙo ba, a jira lokacin da allon ke ƙirgawa ya cika, a zaɓi kira, murya za ta karanto su. Yawan dannawa yana sa a dakatar da kai na ɗan lokaci. Masu layi biyu su yi rajista da wanda ba ya mutuwa a hannunsu. Bayan an gama, ko ka cire layin Kamaru ka sa na Cadi a gadar Ngeli, asusun zai ci gaba da aiki muddin akwai intanet. Sai a sa lambar sirri a kuma kunna makullin rajista, don idan layi ya ɓata ko aka sayar wa wani, kada ya buɗe asusunka da shi.

Abin da ya kusa wargaza mu shi ne saƙo ya ƙi shigowa sai an buɗe manhajar. Wayoyi masu arha da suka cika kasuwanninmu suna kashe duk manhajar da ke aiki a ɓoye don batir ya daɗe. Maganinsa mataki uku ne: a cire Signal daga takurawar batir, a ba shi izinin tashi da kansa, a kuma hana manhajar share-share taɓa shi. Wanda ba a yi wa wannan ba zai wayi gari ya rasa sanarwar zubi, ya ce abin ba ya aiki, kuma maganarsa za ta fi taka saurin yaɗuwa. Sai batun data. Wasunmu ƙaramin forfe, wato ƙunshin data, na WhatsApp da Facebook kaɗai suke saye, shi kuwa ba ya buɗe Signal. Muka kashe sauke hoto da bidiyo kai tsaye, muka kunna rage data wajen kira. Rubutu da saƙon murya ba sa cin mega sosai. Mutum biyu masu ƙaramar waya mai maɓalli ba su da hanyar shiga ko kaɗan, su kiransu ake yi.

A cikin zauren mun sa saƙonni su riƙa gogewa bayan mako huɗu, shi ne mafi tsawo a jerin zaɓin, daidai da zagayen zubinmu na wata. Littafin takarda yana nan, shi ne hujja. Tsohuwar hirar WhatsApp ba ta biyo ka, kuma idan aka sace waya ba tare da an yi ajiya ba, hirar Signal ta tafi ke nan. Mahaɗin shiga zaure mun sa sai shugaba ya amince. Tun 2024 kuma ana iya ɓoye lambar waya a ba baƙo sunan laƙabi a madadinta.

Mutanenmu na Injamena ba su sha wuyar lallashi ba. Sun ga yadda aka toshe WhatsApp da Facebook a Cadi daga Maris 2018 har Yuli 2019, sun san amfanin hanya ta biyu. Na dai gaya musu Signal ma ana iya toshe shi, kuma idan aka yanke intanet ɗungurungum, kamar yadda aka yi a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru a farkon 2017, babu wanda zai yi aiki a cikinsu.

Ciniki da 'yan uwa da sanarwar biki duk suna WhatsApp har yau, nawa ma haka. Can ɗin muka ɗaure shi: tabbatarwa mai mataki biyu da lambobi shida, kulle ajiyar da ke tafiya Google Drive da kalmar sirri, da goge GBWhatsApp, wato WhatsApp ɗin da ba na kamfanin ba, a duk wayar da muka same shi. Sannan kowa ya sa makullin allo ya kuma ɓoye rubutun da ke leƙowa a saman waya, saboda wayar da aka bari a shagon caji ranar da babu wuta, duk wanda ke tsaye a wurin yana iya karanta sunan mai kwasa da adadin kuɗin ba tare da ya taɓa ta ba.