Ɗan jirgin yaƙin da na tsufar da ƙurar garinmu

Duk wanda ya shigo ɗakina ya ga ɗan jirgin nan tambaya biyu yake min, zai tashi? sannan me yasa ka ɓata shi da datti bayan ka sha wahalar fenti. Ta farkon ba ta da tsawo, ba ya tashi, roba ce zalla ba inji ba batir, ajiyewa ake a kalla. Ta biyun ce nake so mu ɗan tsaya a kai, don ni a wajena nan aikin yake, manna roba da roba ai kowa ma zai iya in yana da haƙuri da reza mai kaifi.

MiG-17 ne, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, kwalin kuma na kamfanin Airfix ne a ma'aunin 1/72, wato duk abin da ke jikin na gaske an raba shi gida 72. Na gasken tsawonsa mita 11 da 'yan kai, nawa santimita 15 da rabi ko ya ɗan ɗara. Wani ɗan kawuna dake aiki a birni ne ya yi min odarsa ta intanet, aka ba direban motar Ringim ya taho min da shi, kuɗin aikowa kaɗai ya kusa kamo kuɗin kayan, amma dai an wuce wajen.

Ba haka kawai na zaɓe shi ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 sojan samanmu bai wuce shekara uku da kafuwa ba, a 1964 aka kafa shi, kuma ba shi da jirgin yaƙi na kirki. Sai Sobiyet suka kawo waɗannan a watan Agustan 1967, a filin jirgin Kano aka sauke su, da farko ma Misirawa ne suka riƙa tuƙa da yawa daga ciki. Kaga ashe nan kusa da mu tarihinsa ya fara. Ba wai ina wasa yaƙi bane, jiragen nan sun yi ɓarna har kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba kafin a gama a Janairun 1970, kawai dai in zan ɓata lokacina gara in yi wanda ya taɓa taka ƙasarmu da in yi na Amurka da kowa ya yi.

Haɗin kansa ba wani dogon labari. Abu ɗaya dai kar ka manta kafin ka rufe gangar jikin, ka sa masa nauyi a hanci, in ba haka ba zai zauna kan jela ya ɗaga kai sama saboda tayoyin baya suna kusa da tsakiya kuma robar jelar ta fi nauyi. Ni dalmar da masunta ke sa wa taru na samo a bakin kogi, na dake ta ta yi fele-fele na cusa a gefen mazaunin matuƙi, wurin matsattse ne sosai tunda hancin MiG-17 a buɗe yake ta nan injin ke shaƙar iska. Inda ɓarin hagu da na dama suka haɗu kuwa dole layi ya fito, sai na ɗiga Super Glue na barbaɗa hodar jarirai, ya bushe na bi da sanfefa mai laushi da ruwa har sai farce ya daina jin gaɓa. Akwai wasu 'yan siraran katangu guda uku-uku a bayan kowane fiffike, a kula da su wajen gugar, da an ci su kamannin jirgin ya tafi. Mutum-mutumin matuƙi ban sa ba, Hajiyarmu ba za ta yarda a ajiye mata shi a gida ba kuma ni ma kujerar a fili ta fi min kyau.

Fenti a lokacin hunturu kuwa sai wanda ya gwada. Iskar ta bushe ƙamas, kafin ka ja buroshi sau biyu fentin ya kama ya bar maka sawu, ga ƙura tana sauka kamar an aiko ta. Dabarar da ta fisshe ni, in yayyafa ruwa a ɗaki da sassafe bayan asuba kafin iska ta taso kafin mata su fara shara, in sirka fentin ya yi ruwa-ruwa in shafa sama-sama, in kife kwalin indomi a kai in tafi gona ko shago, sai washegari a ƙara wani. Launin azurfa na yi masa kamar yadda yawancinsu suke a tsoffin hotuna, alminiyam tsirara, kuma azurfa ba ta rufa asiri wallahi, ɗan karcen da ba ka gani ba sai ta tona shi. Sitikar cikin kwalin ta wasu ƙasashe ce babu ta Najeriya, don haka da hannu na yi tambarin, kore a waje fari a tsakiya kore a can ciki, na wasa bakin ƙarfen tsohuwar lema na riƙa huda salatif da shi don da'irar ta fito daidai.

To yanzu ga maganar datti. In ka kalli bidiyon turawa masu wannan sana'a zaka ga wasu suna zuba tsatsa da zanen ruwan sama da ƙwarzane ko'ina har jirgin ya koma kamar an tono shi a juji, kuma mutane na ta yabawa. Ni ban yarda da wannan ba. Na farko ma jikin jirgin nan alminiyam ne, ba ya jan tsatsa irin ta kwanon rufi, dusashewa yake ya rasa ƙyalli. Na biyu jirgin yaƙi yana da masu kula da shi kullum, ana gogewa ana dubawa. Dattin da ya rage a jikinsa kowanne da dalilinsa. Je ka kalli injin markaɗen unguwarku da kyau, baƙi na wajen salansa, maiƙo na ƙarƙashin inda ake zuba baƙin mai, wurin da hannu ke kamawa ya goge yana sheƙi, ƙura kuma ta liƙe ne kawai inda ta samu maiƙo. Haka jirgi ma yake, sai dai shi iska na jan komai daga gaba zuwa baya, don haka duk zanen da zaka yi ya bi hanyar iska.

Kafin in sa dattin, sai da na fara yanke shawarar jirgin nawa na wane lokaci ne kuma a ina yake. Sun iso a Agusta tsakiyar damina, ni kuma nace nawa ya riga ya ga hunturu ɗaya yana ajiye a fili. Daga nan komai ya zo da sauƙi.

Bindigoginsa uku ne duk a ƙasan hanci, babba mai faɗin baki milimita 37 a gefe guda, biyu masu 23 a ɗaya gefen, to baƙin hayaƙi a bayan bakinsu zai kwanta ya ja baya ta ƙarƙashin ciki. Da kwalli na yi wannan, kwallin mata na gargajiya da ake dakawa, na ɗiba da busasshen buroshi kaɗan-kaɗan, yana da wani baƙi mai ɗan ƙyallin ƙarfe da fenti ba zai taɓa baka ba, a dai wanke hannu bayan an gama don akwai dalma a cikinsa. Bututun baya inda wuta ke fita na haɗa kwallin da garin alli mai ruwan ƙasa saboda zafi na ƙona ƙarfen wurin ya canza launi. Gefen da matuƙi ke hawa da gindin fiffike inda takalman makanikai ke takawa na goga bakin fensir da yatsa. Layukan da ke tsakanin faifan jikin kuma na zuba musu fenti baƙi-baƙi da aka tsinka sosai, ya bi layin da kansa, na share ragowar da auduga a tsinken sakace. Kar dai a kusantar da tinar masu fentin mota, wato ruwan da suke tsinka fenti da shi, tana cin roba.

Ƙurar ita ce ta fi min daɗi. Turɓayar bakin hanya in ka zuba ta yadda take, a ma'aunin 1/72 kowace ƙwaya ta zama tsakuwa, shi yasa na ƙyale ta na je na shafo wadda ta kwanta a kan faifan solar masallaci, irin farar nan mai laushi da hazo ke kawowa daga hamada, na ƙara tace ta da tsumman ɗankwali. Ita na sa a tayoyi, cikin ramin tayoyi, bayan katangun fiffike inda iska ba ta sharewa, da ɗan kaɗan a saman fiffike don ya kashe ƙyallin. Kawu da ya gani cewa ya yi kai yaro ka bar abin nan ya yi ƙura kawo in goge maka, da ƙyar na riƙe hannunsa.

Gilashin kan matuƙi kaɗai na bari tas ban taɓa shi ba, don ko a na gasken shi ake fara gogewa kafin a tashi. Yanzu yana cikin wata robar alawa mai haske da na kife a kan katako saboda yara da ƙurar da ba ni na sa ba. Na gaba L-39 nake nema, ƙirar Cekosulobakiya da ake koyar da matuƙa da shi a Kano, shi fentin ɓad-da-kama gare shi mai launi fiye da ɗaya, zan jira damina ta sauka iska ta yi laushi kafin in taɓa buroshi.