Takardar Aji Huɗu: Makarantun Jamus a Idon Tsohon Malami Daga Kano

Ba mu cika wata guda da sauka a birnin Dortmund ba, kayanmu ma rabi suna cikin akwatuna, sai ga wasiƙa daga hukumar birni tana sanar da mu cewa 'ya'yanmu biyu sun shiga ƙarƙashin dokar tilasta zuwa makaranta, tare da ranar da za a kai su ofishin lafiya a duba idanunsu da kunnuwansu da katin rigakafinsu. Ban nemi kowa ba, ban roƙi alfarmar kowa ba. Rajistar adireshin da muka yi ita ce ta sanar da hukuma cewa akwai yara a gidan. Na shafe shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a wata sakandare a Kano, kuma na zo da yaƙinin cewa in dai harkar makaranta ce babu abin da zai zame mini baƙo, amma wannan takarda ta nuna mini tun da wuri cewa a nan hukuma ce ke neman yaro, alhali a gida uba ne ke yawon nema wa ɗansa gurbi.

A rubuce, dokokin ƙasashen biyu ba su yi nisa da juna ba. Najeriya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, ta sake ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, sannan dokar 2004 ta mayar da shekara tara na farko kyauta kuma dole, har ta tanadi tsawatarwa da tara da ɗauri ga iyayen da suka ƙi sa 'ya'yansu. Duk da haka, a tsawon shekarun da na yi ina riƙe da rajistar aji ban taɓa ganin an kira wani uba ya amsa tambaya saboda sunan ɗansa ya ɓace daga cikinta ba, kuma adadin da UNICEF ta daɗe tana ambata, na yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu daga Arewa ne. A Jamus kuwa dokar tana da haƙora. Koyar da yaro a gida maimakon makaranta haramun ne, idan yaro bai bayyana a aji da safe ba kuma ba a buga waya an ba da uzuri ba, makaranta za ta nemi iyaye a ranar, kuma fashin da ba shi da dalili yana iya kaiwa ga tara. A shekararmu ta biyu na rubuta takarda ina neman a bar yaran su tafi kwana uku kafin babban hutu domin tikitin jirgi ya fi sauƙi, aka mayar mini da amsa cikin ladabi cewa sauƙin tikiti ba uzuri ba ne. Na ji zafin abin a ranar, domin ina ganin 'ya'yana ne kuma ni ke da iko da su. Sai dai hukumar da ta hana ni waɗannan kwanaki ita ce take ba su hutun ranar Sallah idan na nema a rubuce, kuma ita ce ba ta taɓa karɓar kuɗin makaranta daga hannuna ba.

Duka ƙasashen biyu tarayya ce, amma rabon ikon ya bambanta. A Jamus jihohi 16 ne ke riƙe da ilimi kusan ɗungurungum, kowace da manhajarta da jarrabawarta da ranakun hutunta, ministocinsu na ilimi kuma suna zama a wani zaure domin daidaita abin da ya kamata ya zo ɗaya. A Najeriya tarayya da jihohi suna tarayya a kan ilimi, jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ta game ƙasa, hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC kuma tana karɓar kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ta raba wa jihohi, da sharaɗin kowace jiha ta kawo kwatankwacin abin da za a ba ta, sharaɗin da ya sa kuɗi kan yi shekaru a ajiye ba a ɗauka ba yayin da yara ke zaune a ƙasa.

Abin da ya fi girgiza ni, wanda kuma nake ganin duk uban da ya zo ƙasar nan da ƙananan yara ya kamata ya san shi tun ranar farko, shi ne raba hanya da ake yi wa yaro yana ɗan shekara goma. Firamare a yawancin jihohi shekara huɗu ce kawai, in ban da Berlin da Brandenburg inda take shida. A tsakiyar aji huɗu, tare da sakamakon rabin shekara, malamar aji tana ba da shawara a rubuce kan irin makarantar da ta dace da yaro: ko Gimnaziyum, wadda ke kai shi ga Abitur, wato jarrabawar kammala sakandare, da ƙofar jami'a, ko Riyalshule, wadda ke ƙarewa a aji goma, ko Hauptshule, wadda ta fi karkata ga shirya yaro don koyon sana'a. Akwai kuma Gezamtshule, inda ake haɗa hanyoyin duka a ƙarƙashin rufi ɗaya. A jihar Bavariya maki ne ke yanke hukunci, a jiharmu ta Nordrhein-Westfalen kuwa shawara ce kawai, zaɓin ƙarshe na iyaye ne, amma ni ban san haka ba sai da abin ya zo kaina.

'Yata ta iso ƙasar nan tana aji uku, ba ta san kalma ɗaya ta Jamusanci ba, yarinyar da a Kano ba ta taɓa sauka ƙasa da ta uku a ajinsu ba. Aka sa ta a aji tare da sa'o'inta, ana cire ta wasu awoyi don darasin harshe. Cikin shekara ɗaya da rabi bakinta ya buɗe har ita ke yi mana tafinta a wurin likita, amma rubutu bai kamo magana ba. Ranar ganawar iyaye da malamai na zauna a kan wata 'yar kujerar yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, malamar ta buɗe littafin lissafin yarinyar ta nuna mini shafi biyu. A shafin da lambobi ne zalla babu jan biro ko ɗaya, a shafin da aka rubuta tambayoyin cikin jimloli kuwa rabi an bar su ba amsa. Makin a nan daga 1 ne zuwa 6, kuma 1 ne mafi kyau. Tana da 2 a lissafi, 4 a Jamusanci. Shawarar da aka rubuta mata Riyalshule ce. A hanyar komawa gida ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, ke nan ba zan zama likita ba?" Na ce mata za ta zama in Allah ya yarda, amma a raina ban san ko gaskiya nake faɗa mata ba.

Har yau ina ganin an yi gaggawa a wannan tsari. Malamar ba ta zalunci 'yata ba, abin da ta gani a takarda shi ta rubuta, kuma ta yi shi da tausayi. Laifin na lokacin ne, domin a shekara goma abin da ake aunawa a kan yaron da ya zo daga waje shi ne tsawon zamansa da harshen, a kan ɗan ƙasa kuma sau da yawa ana auna ko akwai littattafai a gidansu da wanda zai zauna da shi a kan aikin gida. Jamusawa da kansu sun san wannan ciwo, domin sakamakon farko na PISA, binciken da ke gwada ƙwazon ɗaliban ƙasashe daban-daban, da ya fito a ƙarshen 2001 ya nuna cewa nasarar yaro a makarantunsu tana ɗaure da matsayin iyayensa fiye da yadda take a yawancin ƙasashe masu arziki, kuma muhawarar ba ta mutu ba. A wannan gaɓa tsarinmu na 6-3-3-4 ya fi haƙuri da yaro, tunda yana barin kowa a hanya ɗaya har ƙarshen ƙaramar sakandare. Amma zan yi ƙarya idan na ce mu ba ma raba yara. Muna raba su tun daga rainon yara, da aljihun uba, tsakanin makarantar kuɗi da ta gwamnati, kuma babu malamar da ke zaunar da kowa ta yi masa bayani.

Wanda ya kwantar mini da hankali wani dattijo ne daga Gana da muke salla a masallaci ɗaya, wanda ya yi sama da shekara talatin a ƙasar. Ya ce da ni, "Malam, kai malamin makaranta ne, amma kana kallon hanyar nan da idon gida." Ya bayyana mini cewa yaron da ya gama aji goma da maki mai kyau yana iya wucewa manyan azuzuwa ya zana Abitur, wanda kuma ya zaɓi sana'a bai faɗi ba. Ɗana na fari shi ya tabbatar mini da zancensa. Bayan aji goma ya sa hannu a yarjejeniyar koyon aikin lantarki da wani kamfani, shekara uku da rabi, yana wasu kwanaki a wurin aiki wasu a makarantar sana'a, ana biyansa albashi kowane wata. Sana'o'in da hukuma ta amince da su a wannan tsari sun haura 300, tun daga 2020 doka ta sa mafi ƙarancin abin da za a biya mai koyo, wanda ya fara da Yuro 515 a wata, kuma majalisar masu sana'a ce ke yin jarrabawar ƙarshe ta ba da takardar da kowane kamfani a ƙasar ya yarda da ita.

Ranar da ya dawo gida da shuɗin kayan aikinsa da takalmin ƙarfe, tunanina ya koma ɗakin koyar da fasaha na makarantar da na koyar, inda injinan da aka shigo da su tun farkon tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980 suke jibge cikin ƙura, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Manufar ilimi ta ƙasa da aka rubuta a 1977 ta so yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fita da sana'a a hannunsa, kuma niyya ce mai kyau. Amma mun bar koyon sana'a a garejin bakin titi da shagon tela, inda yaro zai shekara biyar yana yi wa maigidansa hidima ya fita da gwaninta ba tare da takardar da wata hukuma ta sani ba, muka tura sauran duka layin JAMB, har mai babbar difloma ma yana jin an fifita mai digiri a kansa. Wanda ya samu jami'ar kuma yana iya zaman wata takwas a gida kamar yadda yajin aikin ASUU ya jawo a 2022. A nan jami'o'in gwamnati sun daina karɓar kuɗin karatu tun 2014, sai kuɗin hidima na zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da suka fito daga wajen Tarayyar Turai.

Akwai abin da makarantar nan ba ta ɗauke mini ba. Yara suna tashi wajen ƙarfe ɗaya ko biyu, kuma babu Islamiyyar unguwa da za su wuce da la'asar. Jiharmu ta shigar da darasin addinin Musulunci cikin makarantu tun 2012, amma ba kowace makaranta ke da malaminsa ba, saboda haka karatun Alƙur'ani ya koma ranar Asabar a masallaci, Hausa kuma ta koma kan tabarmar falo, inda mahaifiyarsu ta kafa dokar cewa ba a amsa mata da Jamusanci. Yadda yaro ke ja da malaminsa a aji ya daɗe yana yi mini nauyi, ni da na saba ɗalibi ya rusuna kafin ya yi magana, sai da na lura cewa ana ba da maki a kan yawan magana a aji, shirun da muka koya wa 'yata a matsayin kunya da ladabi yana rage mata sakamako.

A ƙarshe ba mu bi shawarar malamar ba, ba mu kuma kai ta Gimnaziyum ba, muka yi mata rajista a Gezamtshule domin ƙofar ta zauna a buɗe har harshenta ya nuna. Yanzu tana aji tara, tana cikin rukunin sama a lissafi da Jamusanci, kuma sakamakon aji goma ne zai nuna ko za ta wuce zuwa Abitur. Kowace ganawar iyaye ina zuwa da tambayoyina a rubuce, kuma duk sabon zuwa da na haɗu da shi a masallaci, abin da nake fara tambayarsa shi ne aji nawa yaransa suke.