Babi 14 ta bi labarina ba ta taɓa jin muryarsa ba

Har yanzu in na tuna saƙon nan sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji, wata uku kenan amma bai sake ni ba. Bari dai na faɗa tun daga inda abin ya fara lalacewa.

Fanfik nake rubutawa, wato labarin da masoyin shiri ke ƙirƙira da taurarin shirin, a kan wani shiri mai dogon zango da na daɗe ina bi, inda suka kashe yayan wata yarinya a ƙarshe ba tare da sun bar su sun yi ko sallama ba, abin ya tsaya min a rai sosai shi ne na ce ni zan ba su sallamar da aka hana su. A labarina yana dawo mata, ba a mafarki ba kuma ba ido da ido ba, muryarsa kawai take ji tana ratso tunaninta. To matsalata tun farko ita ce yaya mai karatu zai gane wannan maganarsa ce ba tunaninta ba, ba tare da na riƙa cewa "sai ta ji muryar yayanta ta ce" a kowane layi ba, don hakan kashe abin zai yi.

Sauran dabarun da na yi a ganina sun tafi lafiya, ba zan ɓata lokaci a kansu ba. Wasiƙun da take rubuta masa na riƙa jan layi a kan abin da ta fasa faɗa, mai karatu yana ganin gaskiyar a ƙarƙashin layin, yana kuma ganin abin da ta bari a fili. Babin da ta suma na bar fili fari mai tsawo sai an yi ta jan skrin kafin a iske kalma ɗaya tak a ƙasa. Wannan kam ina alfahari da shi, mutane da yawa sun ce min sun riƙe numfashi suna ja.

Muryar yayan ce na yi wa ɗanyen aiki. Na samu irin manhajar nan da kake rubuta kalma ta juya maka ita zuwa wasu haruffa masu lanƙwasa kamar rubutun hannu, na gwada layi ɗaya, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, sirara, a karkace, kamar iska za ta kwashe su. Na ce shikenan na samu muryar mamaci. Duk wata kalma da ya furta daga babi na 1 har na 14 a haka na zuba ta, kuma abin da ya fi ci min rai yanzu, kai tsaye nake bugawa a cikin manhajar na kwafe na manna, ban ajiye na asali a ko'ina ba.

Ni duk a zatona fon (font, wato salon zanen haruffa) na canza. Ashe ba fon ba ne sam. Waɗannan haruffan alamomin lissafi ne da aka shigar cikin Unicode (tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a waya da kwamfuta) tun 2001, su kusan 1,000, an yi su ne don masana lissafi su bambanta wannan alama da waccan a cikin ƙa'idojinsu. A idonka "a" ce mai kwalliya, a wajen waya kuwa ba harafin rubutu ba ce gaba ɗaya, wata aba ce daban mai lambarta daban. Kuma fa alama ta nuna min tun ranar farko na ƙi gani: babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu. In na rubuta "ƙauna" sai ƙ ɗin ta tsaya a miƙe yadda take, sauran huɗun su lanƙwashe. Maimakon na tsaya na tambayi kaina me ya sa, sai kawai na riƙa cire ƙugiyar ina sa k da d da b zalla don rubutun ya yi kyau, wato da hannuna na mayar da "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki", a bakin mutumin da duk labarin a kansa ya rataya.

Bayan na saki babi na 14 ne saƙon ya shigo. Wata baiwar Allah ce, ta yi sallama ta ce 'yar uwa dan Allah kar ki ji haushi tambaya gare ni, ina son labarinki sosai amma me ya sa yarinyar take ta amsa maganar da ba wanda ya yi, ko so kike ki nuna ta samu taɓin hankali ne? Na karanta sau uku ban gane ba. Sai da muka yi ta musayar magana ta ce min ita ba ta gani, da TalkBack take karatu, wayar ce ke karanta mata da murya. Duk inda ta iso kan haruffan nan nawa sai muryar ta yi tsalle ta wuce kamar ba komai a wurin. Ta ce wata ƙawarta da ke amfani da wata na'urar daban ita kuma sunan kowace alama ake jero mata ɗaya bayan ɗaya da Turanci, layi guda sai ya ci minti, tun a babi na 2 ta haƙura ta bar labarin.

Babi 14 fa. Ta bi ni babi 14 tana jin rabin hira, tana tausayin yarinyar da take zaton ta zauce, alhali a babi na 9 yayan ya faɗi abin da ya sa ya fita a daren da ya mutu, wanda shi ne zuciyar labarin gaba ɗaya, kwana huɗu na yi ina gyara wannan shafin ina kuka. Ba ta ji ko harafi ɗaya ba. Kuma ba ta zo da faɗa ba, haƙuri ma take ba ni wai kar ta takura min, wannan ya fi komai yi min ciwo.

Da na fara tambayar sauran masu karatu sai ga wasu abubuwan suna ta fitowa. Wani ya ce a tsohuwar wayarsa akwatuna ne kawai ke fitowa a jere, ya ɗauka da gangan na yi don a ce maganar matattu ba ta karantuwa. Wata ta ce ta nemi wani layi da ya burge ta ta hanyar bincike a shafin bai fito ba, to ina zai fito tunda ba haruffa ba ne. Sannan a babi na 12 inda muryar ta fara dusashewa na ƙara da wanda ake kira Zalgo, rubutun nan da yake kamar yana zubar da jini sama da ƙasa. Shi ma ba wani sihiri ba ne, ƙananan alamomin da ake ɗorawa a kan harafi ne, irin waɗanda ƙamus ke sawa don nuna karin sauti, sai a tula su da yawa a kan harafi ɗaya. A wayoyi da dama ya hau kan layin sama da na ƙasa ya rufe su.

Har jan layin da nake taƙama da shi bai tsira gaba ɗaya ba. Yawancin manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu ba sa sanar da cewa an soke kalma in ba mutum ya saita hakan da kansa ba, to a wasiƙar da ta rubuta "na yafe maka" ta soke, sannan ta rubuta "ina nan lafiya", ita baiwar Allahn nan duka biyun ta ji a jere kamar duk an aika. Ma'anar ta juye kenan. Haka in wani ya kwafi babin ya tura wa abokinsa a WhatsApp, layin ba ya bin rubutun sai an sa masa alamar ~ a farko da ƙarshe, kuma wa zai zauna yi maka wannan.

Sati uku na yi ina sake buga maganganunsa da hannu, ina dubawa ina rubutawa, ina mayar da kowace ƙugiya mazauninta. Wannan karon karkataccen rubutu na gaskiya na sa, wanda shafin da kansa yake bayarwa, harafin yana nan harafinsa kwalliyar ce kawai a sama. Amma gyaran da ya fi aiki ba a kwalliya yake ba. Sai na sa muryar tasa a cikin harshen kansa: shi kaɗai ne yake kiranta Auta a duk labarin, jimlolinsa ba sa wuce kalma biyar ko shida, kuma ba ya taɓa cewa "gobe" ko "zan", tunda shi ba shi da gaba. Da muryar ta fara dusashewa a babi na 12 sai kalmomi suka riƙa faɗuwa daga jimlar, ya fara magana ya kasa ƙarasawa. Wallahi ya fi na da tsoratarwa, kuma ko a kunne ko a ido duk ɗaya ne. Wasiƙun kuma na bar jan layin amma na ƙara 'yar magana kamar "ta rubuta, ta daɗe tana kallonsa, ta soke".

Ni ban daina wasa da siffar rubutu ba kuma ba zan ce wa kowa ya daina ba, ina son abin har raina. A AO3, shafin da ake ɗora fanfik, ma ana iya yin abubuwa masu ban mamaki da CSS, wato lambobin da ake tsara adon shafi da su, ka mayar da babi kamar hirar waya ko shafin jarida, amma ku sani akwai maɓallin da mai karatu zai danna ya kashe duk adon marubuci, kuma in ya sauke labarin a fayil ɗin EPUB ko PDF adon ba ya binsa. Shafin labarai na Wattpad kuwa abin da yake ba ka kaɗan ne, mai kauri, karkatacce, layi a ƙasa da daidaita gefe, shi ya sa da yawanmu muke rugawa wajen manhajojin haruffan nan. Abin da nake yi yanzu kafin na saki kowane babi, ina manna shi a wurin ajiye rubutu da ba ya ɗaukar ado ko kaɗan na karanta a haka, sannan na kunna TalkBack na rufe ido na saurara daga farko har ƙarshe. In akwai inda na ɓace to nan zan koma. Kuma na asali yana ajiye a wuri biyu, wannan kam ba sai an faɗa min ba.

Abin da har yau yake damuna shi ne tsohon kwafin yana nan yana yawo a wayoyin mutane, ba ni da yadda zan janyo shi, kuma ƙawar nan tata da ta bari a babi na 2 ban sani ba ko ta dawo.

Ranar da na gama gyara na tura mata na ce 'yar uwa ki fara daga babi na 9. Bayan kamar awa ɗaya ta turo saƙon murya, muryarta a shaƙe, ta ce ashe saboda ita ya fita a daren. Ta ce za ta koma babi na 1 ta faro daga farko.