Yanka huɗun yau ba su ne na jiya ba

Tun da likita ya ce jinina ya fara hawa kuma dole in rage ƙiba, na koma rubuta duk abin da na ci. Shinkafa da wake ba su ba ni wahala ba. Abin da ya ci min tuwo a ƙwarya shi ne naman sanwici, wanda ake yanka min da inji a shagon halal na unguwarmu a nan Amurka, nake tafiya da shi wurin aiki.

A ƙasar nan, kason mutum ɗaya da ake rubutawa a jikin leda yawanci oza 2 ne, wato giram 56. Idan ƙirjin talo-talo ne, kalori 50 zuwa 60 ke ciki. Ledar kamfani har takan faɗa maka yanka nawa ke nan. Wanda aka yanka maka a shago kuwa, nauyi da farashi kawai ake manna masa. Kaurin yana hannun mai yankan: yau ya murɗa injin ya fito da su sirara, gobe wani ma'aikacin ya ba ka masu gwaɓi. Ran da na ɗora su a sikelin kicin, huɗun da nake rubutawa giram 56 sai ga su sun haura 100. Kusan ninki biyu! Ga ni kuma na daɗe ina mamakin dalilin da nauyina ya ƙi sauka. Har yanzu abin yana ba ni haushi, domin tambaya ɗaya ce tak, siriri ko mai kauri, amma ba wanda ya taɓa yi min ita.

Salamin naman shanu, wani nau'in naman sanwici mai kitse, ya fi haɗari a wannan lissafi. Giram 56 ɗinsa yakan haura kalori 140. Fararen ɗige-ɗigen nan da ke jikinsa kitse ne, kuma giram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na furotin kuwa 4. Kuskuren kauri a kan salami ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Amma ba kalori ne ya fi tayar min da hankali ba, gishiri ne. Talo-talon da nake ganin shi ne mai sauƙi, kaso ɗaya yakan ɗauki wajen miligiram 500 na sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wani ma fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai miligiram 2,000 a rana. Masu kaurin nan huɗu sun cinye kusan rabin wannan tun da azahar, ban sa burodi a lissafi ba, balle miyar dare da magi. Ni da nake gudun hawan jini!

Yanzu na daina ƙirga yanka kwata-kwata. Rabin laba nake saya, giram 227 ke nan, kaso huɗu kusan cif. Ina isa gida nake raba shi huɗu a sikeli, kowanne da ledarsa, ko da sirara aka yanka ko masu kauri. Ina kuma gaya wa mai yankan ya yi su sirara tun kafin ya kunna injin, saboda sun fi cika burodi. Naman da aka yanka a shago kwana 3 zuwa 5 yake yi a firij, don haka biyu nake bari a can, biyu su shiga firiza.