Zanen Iyaka: inda aikin ya kai a mako na biyar

'Yan uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. Zanen ya hau katako, jama'a sun fara sa hannu.

Ga wanda bai ga farkon aikin ba: tsawonsa mita 2, sawu 12 ne masu faɗin santimita 10, shida a ɓarin arewa, shida a kudu. Tsakiya ba a haɗe ba, an bar rata mai faɗin yatsa biyu. Ratar ita ce iyakar da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906, wadda ta raba Maraɗi da Katsina, alhali gidan sarautarmu na Maraɗi daga Katsina ya taso, har yau Sarkin Katsina ake cewa. Duk wanda yake da dangi a ƙetaren Ɗan Isa, garin bakin iyaka, sai ya ɗauki allura ya ƙetara ratar da zare ɗaya.

Ƙyalle iri huɗu muka haɗa: farin saƙar hannu, akoko, atamfa, da buhun algarara. Atamfa ta shigo ne don asalinta: mutanen Holan suka kwaikwayi rinin tsibirin Java na Indonesiya, inda suka yi mulkin mallaka, suka kawo mana. Algarara kuwa ta gyaɗa ce, wadda Maraɗi ta yi ta aunawa ana kai wa Faransa.

Nan matsalar take. Huɗun nan ba sa shan ruwa iri ɗaya. Sawun saƙar hannu na mita 2 ya rage santimita 8 a wankin farko, atamfa kuwa da ƙyar ta motsa. Wanda ya haɗa su kafin wanki zai ga zanensa ya tattare kamar busasshiyar fata. A jiƙa kowanne daban, kwana ɗaya, a shanya a inuwa, a goge, sannan a auna a yanka. Akoko da atamfa a yanka su santimita 12, biyun na kalmasa ne. Algarara tana warwarewa da zarar almakashi ya taɓa ta, sai tela ya bi bakinta da keke sau biyu tukun.

Zaren da aka rina da baba ya ɓata mana farin sawu biyu, don hannun mai ɗinki yana gumi, shuɗin yana sauka. Gishiri bai yi magani ba. Ɗauraya ce kawai, har ruwan ya fita fari, mu sai a karo na bakwai.

Katakon kuwa santimita 130 a 210 ne. An shimfiɗa akoko a bayan kowane ɓari, an kafe da ƙananan ƙusoshi, tazarar santimita 10. Idan babu wannan, mai ƙarfin hannu ɗaya ya isa ya jawo ɓarin biyu su haɗe. Bakin ratar an bi shi da ɗinki mai kauri, an huda ramuka tun da wuri. Basilla huɗu muke ajiyewa, an dasashe tsininsu saboda yara, kuma ana ƙirga su kowace yamma. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, dogo sarƙewa yake yi.

Launi uku ne na rubutu a jikin sawu. Ja na aikin tilas, wanda dokar Faransa ta soke a 1946. Kore na gyaɗa da haraji. Shuɗi na ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi a bakin Gulbi, aka hau tudu aka yanka tituna miƙaƙƙu. A fara rubuta sunan ƙauye ko na kaka da alli, sannan a bi da ɗinkin sarƙa. Ajami ya fi boko kwanciya a wannan ɗinki, saboda lanƙwasarsa.

Idan tsoho ya zo, kada a yi saurin miƙa masa allura. A ce, "Baba, wane suna za a sa?" a jira. Wasu idonsu ya yi rauni, jika ke ɗinkawa su suna faɗa, kuma a nan ne yaro ke jin sunan da bai taɓa ji ba. Karkataccen ɗinki kuma kada a warware shi, na mai shi ne. Wanda ya ja ƙyalle har ya tattare kaɗai ake sassautawa da bakin basilla.

Mako mai zuwa za a ƙara ramuka 40 a ƙasan ratar, don na sama sun cika. Mai almakashi mai kaifi ya zo da shi.